Kifin da Yaya Ya Hana a Ƙirga

Yayana ya bar aikin gwamnati yana darakta, amma har yau ba a sami mai ƙarfin halin gaya masa cewa an karɓe kujerar ba. Da ya dawo gidansa na Tarauni ya zauna, ya rasa masinjan da zai aika da akawun da zai daka wa tsawa, sai ya waiwayi kiwon kifi. Ya sa aka fasa bayan gida, wurin da matarsa take shanya, aka gina wani ƙaton kwami na siminti mai zurfin ƙirjin mutum, aka ja masa ruwa daga rijiyar burtsatse. Aka kawo 'ya'yan tarwaɗa ƙanana kamar yatsa aka juye a ciki. Mai sayar da su ne kaɗai ya taɓa ƙirga su, shi ma da ya buɗe baki zai faɗi adadin, Yaya ya ɗaga masa hannu ya ce ya riƙe abinsa a ciki.

Ni a Gyaɗi-Gyaɗi nake, ma'aikaciyar jinya ce, kuma mafi yawan shekarun aikina a ɗakin awon yara na yi su. Maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya, babbar cikinsu mace. A shekarar da Yaya ya fara kiwon nan aka sa ranar aurenta da wani yaron kirki ɗan Unguwa Uku. Duk macen da ta aurar da 'ya ba miji ta san inda ake zuba mata ido. Ba a gado ko kujeru kaɗai ba, har da abin da za a ajiye gaban dangin ango ranar yini. Da wannan farantin suke auna gidan da suka ɗauko yarinya, kuma abin da suka gani shi za su riƙa tuna mata har ta tsufa a cikinsu. Saboda haka tun da wuri na yi magana da wata mata a Darmanawa mai kiwon kaji, muka yi da ita za ta ajiye mini abin da zai wadaci taron.

Sai aka yi zaman dangi a falon Yaya don kowa ya faɗi gudummawarsa. Ya bari kowa ya gama, ya gyara zaman tabarau, ya ce shi nama gaba ɗaya ya ɗauke mini. Kifinsa zai isa kamawa daidai lokacin bikin, don haka babu kaza, babu rago, tarwaɗa za a ci har a ture. Na ce an gode, Allah ya ƙara girma, amma na riga na yi magana da mai kaji. Ya dube ni ta saman tabarau kamar na kawo masa fayil ba sa hannu.

"Sista, kina nufin ni kawun yarinya in yi magana a gaban dangi, ke kuma ki je ki yi tanadin ko da zan yi ƙarya? Kira matar nan yanzu ki ce kin fasa."

A gaban kowa na kira ta. Wanda bai san gidajenmu ba zai ce me ya hana ni sayen kajina a ɓoye. To, matar Yaya da ƙannenmu su ne masu girkin bikin, ko albasa na sayo sai labari ya kai masa kafin magariba. Babban wa kuma uba ne, in ya ce ya ɗauke maka abu ka je ka nemi madadinsa, ka zage shi ke nan, kuma dangi gaba ɗaya kai za su ba rashin gaskiya. Abin da na ware domin kajin sai na ƙara shi a kayan ɗaki.

Daga nan aka shiga zamanin awo. Kowace Asabar da hantsi Yaya yakan fito bayan gida cikin farar jallabiya, da wani dogon littafi mai baƙin bango irin na ofis, da sikeli mai ƙugiya wanda ya ce irin namu na asibiti ya sayo. Ba irinsa ba ne, na mahauta ne, amma ban ga amfanin faɗa ba. Aikin kifin kuwa duk a wuyan matarsa yake, wadda muke kira Anti. Ita ke watsa musu abinci safe da yamma, ita ke buɗe famfo a sauya ruwa in ya fara wari, ita ke shan ƙarni har ya kama mata zane. Ranar Asabar ita za ta naɗe hannun riga ta riƙe komar kamun kifi, shi kuma ya tsaya can nesa kada ruwa ya fallatsar masa. Sai ya ce a watsa abinci. Waɗanda suka fara tasowa suna ture 'yan'uwansu, su ne Anti za ta kamfato, a zuba a roba, a rataya a sikeli. Ya leƙa, ya rubuta, ya ja wani layi a shafin da ya zana, layin kullum sama yake yi.

Kafin azahar hoton shafin ya shigo zauren dangi na waya, tare da hoton kifi mafi girma na ranar da dogon bayani mai lamba ɗaya, lamba biyu. Dangi kuma su yi ta jero Masha Allah, har waɗanda na san ba su buɗe hoton ba. Wani ƙaninmu mai neman a sa masa baki a wani aiki har cewa ya yi ya kamata gwamnati ta aiko a koyi wannan tsari. Ni dai ina kallo. A wurin aikina, da za mu riƙa zaɓen yaran da suka fi ƙiba mu ɗora a sikeli mu ce unguwa ta ƙoshi, da tuni an kore mu. Na taɓa faɗa masa haka cikin raha, ya ce kifi ba jariri ba ne, kowa ya tsaya a fanninsa. Fanninsa dai na sani, shekara da shekaru yana sa hannu a takardar hutun ma'aikata.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutumin da ke auna kifi har da ɗigo, ko kusa ba ya yarda a ƙirga su. A gidanmu haka muka taso, ba a ƙirga 'ya'ya, ba a ƙirga dabbobi. Innarmu, Allah ya jiƙanta, in aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce alhamdu lillahi ta kama wata hira. Ana ganin abin da aka ƙirga baki yana kama shi, albarkarsa ta gudu. A bakin Inna abin yana da kyau, kunya ce da tsoron alfahari, ita ba ta taɓa ɗaga ɗanta ta nuna wa duniya ba. Amma Yaya, wanda duk mako sai ya yi tallan kifinsa ga dangi na gida da na ƙetare, shi ne wai yake tsoron baki. A wajensa awo ilimi ne, ƙirga kuwa kiran masifa. Ya ɗauki camfin tsofaffi ya bar kunyarsu, ya ɗauki littafin 'yan boko ya bar hankalinsu.

Ranar da dangin ango suka kawo lefe gidana, taro ne na mata zalla, ko ƙannena maza sun san su yi nesa. Muna cikin buɗe akwatuna sai ga sallamar Yaya a ƙofar falo. Mata suka shiga jan mayafi. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ba zai shigo ba, gaisuwa kawai ya zo yi, sannan ya miƙa wayarsa aka riƙa zagayawa da ita ana kallon tarwaɗa. A cikin baƙin akwai gwaggon ango, wata dattijuwa mai carbi a hannu da ido kamar na mai tsintar shinkafa, ita ce babbar tawagar. Ita ya fuskanta ya ce, Hajiya, ranar yini kowace mace kifi guda sukutum za a sa mata a faranti, wadda ta kasa cinyewa ta tafi da shi gida. Gwaggon ta ce Allah ya kai mu, za su zo da yunwarsu. Aka yi dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, domin ko da kifin zai cika Kano, ba a yi wa surukai irin wannan cika bakin.

Biki saura kamar wata biyu Anti ta zo gidana da yamma, ta zauna a kicin tana taya ni gyaran zogale. Can ta ce akwai abin da ke damunta. Ta ce da safe ta ga wani ƙaton kifi yana yawo a saman ruwa da wutsiyar wani a bakinsa, kuma ba ranar ta fara gani ba. Ta ce tun ranar da aka kawo su mai sayarwar ya faɗa a gabanta cewa tarwaɗa ba ta girma tare, wasu sukan yi wa sauran fintinkau, kuma in ba a riƙa kwashe su ana ware manya daga ƙanana ba, manyan cinye ƙananan suke yi. Mai sayarwar ya ce a gina kwami na biyu saboda haka. Yaya ya ce dabara ce ta son a ƙara sayen kaya, kuma warewa ai ƙirga ce aka sauya wa suna. Ruwan kwamin kore ne shar, ba a ganin ko tafin hannu a ciki, in an watsa abinci kuma manyan sukan yi ta facal-facal har ka ɗauka ruwan cike yake. Da ta gaya wa Yaya abin da ta gani, cewa ya yi ta iya bakinta, irin wannan maganar ce ke jawo abin.

Washegari daga wurin aiki ban ko cire fararen kaya ba na wuce Tarauni. Na same shi a ƙofar gida kan kujerar roba yana karanta jarida. Na gaishe shi har ƙasa, na bi ta duk hanyar da ake bi da manya, na yabi kifin, na yabi littafin. Sannan na ce, tunda biki ya matso, ko za a rage ruwan a duba yawansu, don masu girki su san abin da za su shirya. Ya ninke jaridar a hankali.

"Wato ke ma an aiko ki ki sa musu baki. Ga littafi can, duk mako ƙaruwa suke yi. Me kike so ki gani wanda sikeli bai gani ba?"

Na ce sikeli nauyin wanda aka ɗora masa yake faɗa, ba ya faɗin nawa suka rage a ruwa. Ya ce in ina da wani wan da ya fi shi, in je ya yi mini bikin. Na roƙe shi ko da kwana biyu kafin yinin a kama su, ya ce kifinsa ba zai kwana a firji ba, da safiyar ranar za a kama a gaban abokansa, daga ruwa sai tukunya. Na tuna masa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya buɗe jaridarsa ya ci gaba da karatu. Na taso, ina tafe a bakin titi ina magana ni kaɗai har wani mai adaidaita sahu ya tsaya yana tambaya ko lafiya.

Ranar ta zo. Tsarin shi ne a ɗaura aure da hantsi, maza su ci abinci a gidan Yaya, mata kuma su yi yini a gidana bayan azahar. Gari na wayewa na isa Tarauni da masu girki, da manyan bahuna da wuƙaƙe da buhun gishiri na wanke yauƙi. Na tarar an jera kujeru a bayan gida, abokansa tsofaffin ma'aikata sun zauna cikin manyan riguna ana zuba musu shayi, kamar masu jiran a buɗe sabon asibiti. Yaya ya yi ɗan jawabi, ya ɗaga littafin ya nuna musu layin nan mai hawa sama. Sannan ya ce a buɗe famfon zubar da ruwan kwamin.

Ruwa ya riƙa sauka. Muka zuba ido muna jiran ƙasan kwamin ya yi baƙi da kifi. Ruwa ya zo gwiwa, ya zo idon sawu, siminti ya fara bayyana. Abin da ke ciki wasu ƙatti ne masu kai kamar faranti, kowanne ya kai tsawon hannun babban mutum, suna birgima a cikin laka ɗaya nan ɗaya can, sai wasu 'yan tsiraru ramammu da suka maƙale a kusurwa, wasu ma da guntuwar wutsiya. Duka-duka ba su cika baho biyu ba. Na kawo bahuna sun fi goma. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Na dubi Yaya ina jiran in ga kunya a fuskarsa, ko sau ɗaya a rayuwa. Ya share gumi. Sai ya nuna mafi girman cikinsu ya ce a kawo sikeli. Wallahi auna shi ya yi. Ya leƙa, ya faɗi nauyin da ƙarfi, ya rubuta a littafi, abokansa suka taso suna kabbara suna ɗaukar hoto, wani yana cewa ko a kogi bai taɓa ganin irinsa ba. Da aka lafa, ya juyo ya ce sauran kuwa baki ne ya kama su, ya san akwai masu ƙirga masa dukiya a zuci, yana faɗa yana kallon Anti, wadda ke tsaye cikin laka da koma a hannu. Ita kuwa ta jingine komar ta shige cikin gida.

Na ce to, abin da ya samu a ba ni in tafi, lokaci yana ƙurewa. Nan ya ƙarasa ni. Ya ce manyan baƙi za su zo cin abinci bayan ɗaurin aure, har da waɗanda suka yi aiki tare, ba zai yiwu a ce an zo gidan mai kifi ba a ga kifi ba. Manyan za a yi farfesu a nan, ƙananan in kai wa mata, ai mata ba su cika damuwa da nama ba. A ruwa manya sun cinye ƙanana, a tudu ma manyan ne za su cinye abin da ya saura. Ban yi masa musu ba, domin da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba zai gyaru ba har abada. Na ɗauki robar ramammun nan na fita.

Sauran safiyar a guje na yi ta. Mai kajin Darmanawa ta daɗe da sayar da nata. Na bi shagunan Unguwa Uku na samo kifin ƙanƙara kwali kaɗan, shi ma da ƙyar, ya ƙi narkewa sai da muka riƙa zuba masa ruwan zafi. Masu girki suka yi iya yinsu, suka yanka shi siri-siri don ya zagaya, aka soya, aka ɗora yanka ɗaya a kan kowace shinkafa. Yankan da za ka ɗaga ka hango mutum ta cikinsa. Duk da haka bai zagaya ba, 'yan'uwana da maƙwabta suka haƙura da shinkafa da miya aka bar wa baƙi.

Dangin ango suka iso da la'asar, mota-mota, sun sha ado. Wasu 'yan matan cikinsu har da 'yan robobi masu murfi a jaka, tunda an ce wadda ta kasa cinyewa ta tafi da shi. Aka shimfiɗa musu a tsakar gida, dab da tagar ɗakin da amarya take zaune da ƙawayenta. Ni da kaina na kai wa gwaggon ango farantinta. Ta dubi shinkafar, ta sa yatsu biyu ta ɗaga yankan kifin, ta juya shi gaba da baya, ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Hajiya, sannunku da ƙoƙari. Wannan shi ne na hoton, ko ƙaninsa ne?"

Dariya ta tashi daga wannan tabarma ta faɗa waccan. Wata ta ce a rufe mata nata kada iska ta ɗauke, wata ta fito da robarta ta saka yankan a ciki ta rufe da murfi tana cewa alƙawari kaya ne. Kafin a gama cin abinci na ji ƙannen ango sun raɗa wa 'yata suna, amaryar kifi, kuma na san irin sunan nan ba ya fita. A daidai lokacin wayoyin danginmu suka riƙa ƙara, Yaya ne ya turo hotonsa riƙe da ƙaton nan, abokansa sun kewaye shi, ya rubuta a ƙasa cewa alhamdu lillahi an kammala kiwon farko cikin nasara.

Na shiga ɗakin amarya don in ce ta shirya za a fito da ita ta gaida su. Ƙawayenta suna ganina suka sulale waje. Tana zaune a bakin gado, lulluɓe, hannayenta da suka sha lalle a kan cinya, kafaɗunta suna rawa. Tagar a buɗe take, babu abin da ba ta ji ba. Na san kukan amarya, na yi nawa, na kuma rarrashi na wasu ba adadi. Wannan ba shi ba ne. Na zauna kusa da ita na ɗaga mayafin, kwalli duk ya zubo mata.

"Umma, a cikin mutanen nan zan zauna fa. Kawu gidansa zai kwana, ke ma gidanki. Ni ce za a kai musu."

Na jiƙa gefen gyalena na goge mata fuska, na sake sa mata kwalli, na gyara mata lulluɓi. Sannan na kama hannunta muka fita tsakar gida, ta durƙusa a gaban gwaggon ta gaishe ta, suna ta ƙunshe dariya.